Famfon Insulin Mai Lissafi da Kansa: Jagora ga Ma'aikacin Lafiya a Arlit da Gugaram

Ka ɗauka kana bakin aiki da la'asar sakaliya a wata ƙaramar likita tsakanin Arlit da Gugaram, sai ga mota ta tsaya cikin ƙura, aka sauko da yarinya 'yar shekara 14 tana ta amai tun hantsi. Leɓenta ya bushe, idanunta sun faɗa, tana jan numfashi mai zurfi kamar wadda ta sha gudu. Ka ɗaga rigarta don ka latsa ciki, sai ka ga wani siririn tiyo ya fito daga ƙarƙashin filasta ya shige wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramar salula, an soke ta a ƙugun zane. A dantsenta kuma ga wani farin abu a manne, faɗinsa kamar na dala ashirin. Kawunta ya ce maka: "Likita, a waje aka sa mata shi. Sun ce shi ke ba ta maganin sukarin da kansa, ta huta da allura. Mu mun zaci masassara ce."

Idan ka biye wa zatonsa ka rubuta maganin masassara ka sallame su, ba lalle yarinyar nan ta ga wayewar gari ba. Saboda irin wannan la'asar na rubuta jagorar nan.

Arlit gari ne na matafiya. Tun da SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akokan a 1978, ƙafa ba ta ɗauke ba: injiniyoyi, ɗalibai, fataken da ke bin hanyar Assamaka zuwa Tamanrasset, masu haƙar zinariya a Cibarakatan, da masu tafiya jinya Aljeriya ko Tunisiya ko Faransa. Abin da ya shiga asibitocin waɗancan ƙasashe ba ya jimawa sai ya iso mu a jikin wani. Ko ba mu ne muka ɗora famfon ba, hannunmu zai dawo ranar da ya sami matsala.

Yadda abin ke aiki

Abu uku ne ke haɗa hannu. Na farko ma'aunin fata, wanda ake kira sansa: wani gashi siriri ne ke shiga ƙarƙashin fata yana auna sukarin da ke cikin ruwan da ke tsakanin tsoka, yana aika lamba bayan kowane minti biyar, wasu ma kowane minti ɗaya. Na biyu famfo, mai ɗauke da insulin yunit 200 zuwa 300, yana tura shi ɗigo-ɗigo ta wata 'yar allurar roba da ake kira kanula. Na uku shi ne lissafin da aka zuba cikin famfon ko cikin salula. Shi ke duba lambar sansa, ya hango inda sukari ya dosa nan da rabin awa ko awa guda, sai ya ƙara ɗigon, ko ya rage, ko ya tsayar ɗungurungum. Abu ɗaya ne har yanzu na'urar ke jira daga wurin mai ita: ya gaya mata zai ci abinci.

Ga maganar da nake so ta zauna maka ko da ka manta da sauran. Famfo insulin mai saurin aiki kawai yake ɗauka, irin su Humalog da NovoRapid, wanda ƙarfinsa ke ƙarewa cikin awa huɗu zuwa biyar. Mai allurar Insulatard ko Lantus yana da ajiya a ƙarƙashin fata da za ta riƙe shi rabin yini ko yini guda. Mai famfo ba shi da wannan ajiya. Kanula ta lanƙwashe, ko tiyo ya tsinke, ko zafi ya kashe insulin ɗin, to cikin awa huɗu zuwa shida jikinsa ya fara ƙona kitse yana tara kiton, jini ya soma tsami.

Shekara ɗari ke nan da 'yan kai tun da aka gano insulin a Toronto a 1921. Irin wannan famfo kuwa bai daɗe ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farkonsu, MiniMed 670G na kamfanin Medtronic, a watan Satumba na 2016. Control-IQ na kamfanin Tandem ya biyo a ƙarshen 2019, Omnipod 5 marar tiyo a farkon 2022, iLet a 2023. A Turai akwai MiniMed 780G tun 2020, da CamAPS FX wanda ya fito daga aikin Farfesa Roman Hovorka na jami'ar Kambirij, da DBLG1 na kamfanin Diabeloop a Faransa. Amfaninsu ba abin musu ba ne. A wani gwaji na wata shida da aka yi da mutum 168 a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2019, waɗanda aka ɗora wa Control-IQ lokacin da sukarinsu ke zaune cikin iyaka ya tashi daga kashi 61 zuwa kashi 71 cikin ɗari, sauran kuwa suka tsaya a 59. Ribar ta kai wajen awa biyu da rabi a kowace rana, kuma galibinta da dare aka same ta. Duk wanda ya taɓa ganin uwa tana tashi ƙarfe uku na dare da tocila don ta tsaga yatsan ɗanta ya san darajar wannan.

Kafin mu ci gaba, a daidaita ma'auni. Ɗakunan gwaji a Nijar da gram a lita suke ba da sakamako. Famfon da ya fito daga Faransa yana nuna mg/dL, na Ingila kuma mmol/L. Gram 1.80 shi ne 180, shi ne kuma 10.0. A nan zan riƙa kawo lambobin mg/dL. Ka raba da 100 ka sami gram, ka raba da 18 ka sami mmol. Idan ka ga 4.0 a fuskar na'urar da aka saya a Landan, wannan 72 ne, mutum yana bakin faɗuwa. Kada ka ɗauke shi gram huɗu.

Wa ya dace a ɗora wa

Asalin wannan fasaha ta masu ciwon sukari nau'i na ɗaya ce, waɗanda jikinsu ya daina yin insulin: yara, matasa, mata masu juna biyu, da wanda sukari ke kayar da shi ba tare da ya ji alama ba. A 2024 Amurka ta buɗe Omnipod 5 ga manya masu nau'i na biyu da ke kan insulin, amma yawancin dattawan da ke zuwa mana da wannan nau'i abin da suke bukata shi ne metformin, gyaran abinci, awon hawan jini da duba ƙafa.

A ganina, tambayar da ta fi muhimmanci a Arlit ta kayan aiki ce. Yi lissafi da iyayen a kan takarda. Kanula da tiyo ana sauya su bayan kwana biyu zuwa uku, wato sama da 120 a shekara. Sansa ta Dexcom kwana 10 take yi, ta Libre 14, ta Guardian ta Medtronic 7. Mai Dexcom yana bukatar aƙalla 37 a shekara, kuma gumi zai ci wasu kafin wa'adinsu. Daga Arlit zuwa Agadas kimanin kilomita 240 ne, zuwa Yamai ya haura 1,000, kuma da damina ƙoramun Azbin kan raba Gugaram da gari. To wa zai kawo kayan, ta wace hanya, kuma wa zai biya a shekara ta biyu da ta uku? Wanda ya ga rufewar COMINAK ranar 31 ga Maris na 2021 ya san cewa kulawar da ke rataye a wuyan aikin kamfani tana iya yankewa. Ni dai ba na goyon bayan a ɗora wa kowa famfo sai yana da kayan wata uku a hannu, da sanannen mutumin da zai aiko na gaba.

Sai wuta. Famfon Tandem caji ake yi masa kamar salula, 780G batir AA yake ci, CamAPS kuma a cikin salula lissafinsa yake, salula ta mutu sarrafa kai ya tsaya. A cikin gari akwai wutar da ke zuwa daga tashar SONICHAR ta Anu-Araren, a zango kuwa sai farantin sola. Sarrafa insulin ɗin ba ya bukatar intanet, ta Bluetooth kayan ke magana da juna. Aika bayanai wurin likita da sauke manhaja ne ke bukatarsa, kuma wasu manhajojin ba sa buɗuwa sai a ƙasar da aka yi musu rajista.

Sharaɗi na ƙarshe, mutumin ya iya allura da hannunsa, ya iya tsaga yatsa, kuma a gidan akwai aƙalla mutum biyu da suka fahimci abin. Kada a saki reshe a kama ganye.

Lissafin farawa

Mu koma ga yarinyar nan, mu ɗauka ba a ɗora mata famfon ba tukuna: nauyinta kilo 45, tana kan Mixtard, jimillar yunit 40 a rana. Insulin ta famfo ya fi shiga jiki da kyau, don haka ake rage kashi 20 zuwa 25 na jimillar. In sukarinta dama a sama yake, a rage kaɗan. Mu ce 32. Kusan rabi shi ne na ɗigo: 16 a raba da awa 24, ya ba da wajen 0.65 a kowace awa. Don sanin yadda yunit ɗaya ke saukar da sukari, a raba 1800 da 32, ya ba da wajen 55. Don sanin giram nawa na sitaci yunit ɗaya ke ɗauka, tsohuwar ƙa'ida ita ce a raba 500 da jimillar, wato wajen 15. Masu aiki da waɗannan famfuna da yawa sun koma raba 400, wato wajen 12, domin na'urar na iya janye ɗigo in kason insulin na abinci ya ɗan yi yawa. Ta yi allurarta ta ƙarshe da yamma, da safe a ɗora famfo a madadin allurar safe. Mai Lantus a fara masa a lokacin da allurarsa ta gaba za ta zo.

Kowane famfo da halinsa. 780G sai ya yi awa 48 yana aiki da lambobin da ka sa kafin ya karɓi ragama. Ana zaɓa masa maƙasudin sukari 100 ko 110 ko 120. Control-IQ yana neman nauyin jiki da jimillar insulin, sai ya fara nan take, kuma a kan ɗigon da ka rubuta yake gini. Omnipod 5 yana da maƙasudi daga 110 zuwa 150. iLet nauyin jiki kawai yake tambaya. A rana ta farko da ta biyu kada mai famfo ya bar gari, kuma lambar wayarka tana hannunsa.

Abinci, inda aikin yake

Littattafan da ke zuwa da famfo da burodin Turawa da dankalinsu aka rubuta su. Mutuminmu kuwa tuwon hatsi yake ci, da shinkafa, da makaroni, da gurasar toka ta Abzinawa, ga fura da nono, ga dabino da cuku, ga shayi safe da rana da dare. Ba wanda zai ba ka lambobin waɗannan sai ka zauna da uwar gida ka fitar da su.

Ka ce ta zo da ludayinta da kwanon da yarinyar ke ci a ciki, kai kuma ka tanadi ɗan sikelin kicin. Abubuwan da za a riƙe kaɗan ne: garin hatsi ɗanye giram 100 yana da wajen giram 70 na sitaci, dafaffiyar shinkafa giram 100 wajen 28, burodi wajen 50, madara mili 100 wajen 5, ƙaramin dabino ɗaya wajen 5, ƙwayar sukari ɗaya wajen 5. Fura ba a ƙiyasta ta da ido, domin kowace mace da kaurin damunta. A auna garin da ya shiga, a ƙara sukarin da aka zuba, a raba da yawan ludayin da ya fito. Daga ranar an san ludayi ɗaya na furar gidan nan giram kaza ne, a rubuta a littafi. Shayi ma haka: a ƙirga ƙwayoyin sukarin da suka shiga buta, a ninka da biyar, a raba da yawan kofunan da aka zuba. Ƙwaya 12 a kofi shida, giram 10 ke nan kowane kofi. Na fari da na biyu da na uku sun tashi giram 30, kuma mutum zai rantse maka bai ci komai ba tun safe. Shayi abinci ne a wurin famfo, dole a gaya masa.

Akwai kuma cin taro a kwano ɗaya, wanda shi ne tarbiyyarmu. Ba na son a ware yaro gefe kamar mai laifi. Abin da ya fi shi ne a auna nasa kason a kwanonsa, a juye a gabansa cikin babban tire, ya ci tare da 'yan'uwansa. In ƙirga giram ya gagari gida, a raba abinci gida uku, ƙarami da matsakaici da babba, a ba kowanne lamba tsayayya, misali 30 da 60 da 90. Wannan ya fi barin kason gaba ɗaya nesa ba kusa ba.

A danna kason abinci minti 10 zuwa 15 kafin a sa hannu. Idan aka manta har rabin awa ta wuce, a ba da rabi kawai, domin na'urar ta riga ta fara ƙari da kanta. In ya haura awa ɗaya, a bar maganar abincin, a ba da kason gyara da famfon ya lissafa. Kada kuma a yi wa na'ura ƙaryar an ci abinci don a sa ta saukar da sukari da sauri. Bayan awa biyu faɗuwa ke biyo baya.

In sukari ya faɗi ƙasa da 70, famfo ya riga ya tsayar da ɗigo, don haka giram 5 zuwa 10 sun isa, wato ƙwayar sukari ɗaya ko biyu, a sake dubawa bayan minti 15. Wanda ya kwankwaɗi kwalbar lemo, sukarinsa zai yi tsalle, na'ura ta bi shi da insulin, ya sake faɗuwa. Kafin doguwar tafiya a ƙafa, ko kiwo, ko jan ruwa a rijiya, ko ƙwallo, a kunna maɓallin motsa jiki tun da awa ɗaya ko biyu, ya ɗaga maƙasudi zuwa wajen 150.

Zafi, gumi da fata

A watan Mayu da Yuni zafin Arlit yana wuce maki 40. Insulin da ba a buɗe ba wurinsa firji, tsakanin maki 2 da 8, kuma in ya daskare ya mutu. Inda babu firji akwai dabara. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'ar Janeba suka buga a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin da ake amfani da shi ya riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin 25 da 37. Zafinmu ya fi haka, don haka sai a sanyaya. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yayata har ya sami lambar Rolex a 2000, a busasshiyar iska irin tamu ta fi aiki, kamar dai yadda salka ke sanyaya ruwa. A sa kwalbar cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye a inuwa inda iska ke bi, a riƙa jiƙa yashin. Sansa ma ba ta son zafi, a duba abin da aka rubuta a kwalinta.

Insulin da ke cikin famfo shi ne ya fi shan wuya, yana manne da jiki wuni guda. Da bazara a zuba na kwana biyu kawai, a sauya. Famfo da tiyonsa su kasance ƙarƙashin riga mai faɗi, kada rana ta doke su, kada kuma a ajiye shi a gaban mota.

Fata a wanke da sabulu, ta bushe sarai. Da hunturu kowa na shafa basilin ko man kaɗanya. Wurin da za a manna kanula ko sansa kada mai ya taɓa shi, in ba haka ba filasta ba za ta kwana ba. A guji layin ɗaurin zane ko wando da inda guru ko laya ke gogawa. Ka shafa cikin mai allura da tafin hannunka: inda ka ji kullutu mai tauri, insulin ba ya shiga daidai a nan, a bar wurin ya huta wata da watanni. A sauya kanula da safe kafin karin kumallo, a duba sukari bayan awa biyu. Sauyin dare kafin barci shi ne ke kai yara ga tsamin jini da asuba. Don wanka ana iya cire famfo mai tiyo, a dakatar da shi, amma kada rabuwar ta wuce awa ɗaya. Alwala ba ta bukatar a cire komai.

Lokacin da sansa ke ba da lambar banza

Sansa tana bayan jini da minti 5 zuwa 15. In mutum ya kwanta a kanta bisa tabarma ko yashi, sai ta nuna faɗuwar da babu ita. Amma wanda ya fi damuna a ƙasarmu shi ne magunguna. Hydroxyurea da ake ba masu sikila tana sa sansa ta Dexcom da ta Medtronic su nuna lamba sama da gaskiya, sai famfo ya tura insulin da ba a bukata. Farasitamol yana yi wa Guardian haka, bitamin C mai yawa kuma yana yi wa Libre. Kinin na saukar da sukari da gaske, haka ma masassarar cizon sauro mai tsanani, deksametazon kuwa, wanda wasu ke sha don ƙiba, yana ɗaga shi da gaske. Ka tambayi abin da ake sha, har na kasuwa da na gargajiya. Duk sanda lambar sansa ta saɓa da yadda mutum ke ji, yatsa ne alƙali. Mai sikila ko ƙarancin jini kuma gwajin HbA1c ba abin dogaro ba ne a kansa, bayanan sansa sun fi shi gaskiya. Kafin hoton MRI ko sikana a cire famfo da sansa.

Mu koma ga yarinyar da ke amai

Tsaga yatsa tukuna, kada ka dogara da fuskar famfo. Sai gwajin kiton, a jini in akwai tsinkensa, in babu a fitsari. Ƙa'idar da za ka koya wa kowane gida ita ce: sukari ya wuce 250 ya ƙi sauka awa biyu bayan kason gyara, ko kuwa akwai amai ko ciwon ciki, to a ɗauka kanula ta lalace har sai an tabbatar da akasin haka. Ciro ta ka duba a hasken taga. Sau da yawa za ka ga bakinta ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ko ka ji warin insulin a jikin filasta.

In kiton na jini ya kai 0.6, ko na fitsari ya nuna matsakaici, a yi allurar insulin mai sauri da sirinji, wajen yunit 0.1 ga kowane kilo. Ga yarinyarmu yunit huɗu ko biyar. A sauya kanula da tiyo da insulin gaba ɗaya daga sabuwar kwalba, a ba ta ruwa tana kurɓa. A kashe sarrafa kai na awa uku zuwa huɗu, domin na'urar ba ta san da allurar da ka yi ba, za ta ɗora nata a kai. A maimaita gwaji bayan kowace awa biyu. Amma in kiton ya kai 3, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ga wannan numfashi mai zurfi, ko hankali ya fara gushewa, to an wuce maganar famfo. Cire shi. Sa ƙarin ruwan gishiri na kashi 0.9, mili 10 zuwa 20 ga kowane kilo cikin awa ta farko, insulin ya biyo bayan awa guda bisa ƙa'idar tsamin jini, a lura da fotasiyom, kuma a nemi mota zuwa asibitin gunduma a Arlit ruwan yana tafiya. Gwajin masassara ma a yi shi, domin sau da yawa cuta ce ke tayar da sukari.

Duba bayanai da azumi

Bayan mako guda, da wata guda, sannan duk wata uku, a duba bayanan kwana 14. Maƙasudin da masana suka amince da shi a 2019 shi ne: sama da kashi 70 na lokaci tsakanin 70 da 180, ƙasa da kashi 4 a ƙarƙashin 70, ƙasa da kashi 1 a ƙarƙashin 54. Ga mai juna biyu iyakar 63 zuwa 140 ce. Fara da faɗuwa, ka gyara ta kafin komai. Sannan ka duba awa nawa na'urar ta yi tana sarrafa kanta, da sau nawa aka danna kason abinci a rana. In hawan bayan abinci ne, laifin yana ga lokacin dannawa ko lissafin giram. Ka san maɓallin da ke aiki a kowane famfo: a 780G da Omnipod 5 sauya ɗigon da ka rubuta ba ya taɓa sarrafa kai, maƙasudi da lissafin abinci ne ke taɓawa, a Control-IQ kuwa ɗigon da kason gyara duk suna aiki. Inda intanet ya yi wuya, hoton fuskar na'ura ta WhatsApp ya isa a tattauna da ƙwararre a Yamai.

Mai nau'i na ɗaya yana cikin waɗanda azumi ke da haɗari a gare su, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Wanda ya dage zai yi, a zauna da shi tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban. Da rana a ɗaga maƙasudi. Da kiran magariba a danna kason dabino da kunu kafin a kai baki, na abincin bayan salla kuma daban. Sukari ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko kiton ya bayyana, a karya nan take ko da saura minti biyar a sha ruwa.

Takardar komawa allura

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar farko ka rubuta takarda da hannunka, da Faransanci don abokan aiki, da Hausa ko Tamashek don gida. A cikinta a sa sunan famfo da na insulin, jimillar yunit a rana, lissafin abinci da na gyara, da adadin insulin mai daɗewa da za a yi in famfo ya mutu. Adadin shi ne matsakaicin ɗigon da famfon ke bayarwa a yini. In Lantus ne sau ɗaya, in Insulatard ne a raba safe da yamma. In Actrapid kawai aka samu don abinci, a yi shi rabin awa kafin a ci. A sabunta takardar duk zuwa, domin yaro na girma, bukatarsa na sauyawa.

A 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince cewa kafin 2030 duk mai nau'i na ɗaya ya sami insulin da abin gwada sukari a farashin da zai iya. Ina roƙon hukumomin lafiya na jihar Agadas su fara da wannan a kowace likita ta karkara, su haɗa da tsinken gwajin kiton, domin mai famfo da mai allura duk a kansa rayuwarsu ta dogara.

Kai kuma ɗan'uwa, kafin mai famfo ya fita daga ɗakinka, ka ce ya buɗe jakarsa ka gani da idonka: sirinji, kwalbar insulin mai sauri da mai daɗewa, na'urar tsaga yatsa, tsinken kiton, kanula biyu, ƙwayoyin sukari, da takardar nan. In ɗaya ya ɓace, ka roƙe shi ya ɗaga tafiyar daji har sai ya samo.